Hanyar Keke Ta Yi Ja

Shekara ashirin da bakwai ina zuwa garkata ta bakin kogin Komadugu da keke, amma rabin tafiyar ni ke ɗauke da keken. Daga ƙarshen unguwarmu har bakin ruwa rairayi ne zalla, sai turawa. Yanzu gwiwoyina sun fara ƙi. Shi ya sa da aka ce wani proje, wato shirin tallafi, zai yi wa masu ƙafa da masu keke hanyar siminti a Difa, na riga kowa zuwa taron.

Injiniyar da suka turo, Madam Priscille, yarinya ce mai ladabi. Ta shimfiɗa taswira, ta ce kashi biyu ne. Na farko cikin unguwa. In mutane sun bi shi, na biyu zai ratsa rairayin har garake. Na ɗaga hannu na ce, "Ƴata, yaushe za ku gama na farkon?"

Ta ce, "Farkon sanyi, Baba Zubairu."

Na ce, "To lokacin tsinkar tattasai ke nan. Ku fara yi wa mata wurin shanya."

Ta yi murmushi ta ce wannan ba ya cikin tsarin. Wani mai tabarau ya ce a koma kan magana. Na koma.

Aka gama hanya, sumul, ba ƙwayar yashi. Kwana huɗu na hau ta kamar ango. Rana ta biyar na fito na tarar ta yi ja wur, daga masallaci har famfo. Tattasai! Kowa ya san wanda aka shanya a ƙasa yana kwasar yashi, masu saye su raina shi. Ga siminti a ƙofar gida, wa zai bari?

Sai ga saƙo, Madam za ta zo ran Alhamis ta ga ko ana bin hanya. Na bi gida gida ina roƙo. Na fara da nawa, don shanyar da ta fi kowace faɗi ta matata Bintu ce.

Na ce, "Bintu, don Allah ki kwashe, kwana ɗaya tak."

Ta ce, "Tattasan wa ne, Malam?"

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Na garkarka ne. In ya ruɓe cikin buhu, keken za mu ci?"

Maƙwabciyarmu Inna ta leƙo ta katanga ta ce, "A bar masa faɗin taya, Bintu, ai ba shi da ƙiba."

Haka suka yi mini. Tsakiyar hanya suka share wani siririn layi, tafin hannu biyu.

Ran Alhamis Madam ta sauko daga mota ta tsaya tana atishawa. Ni kuwa na hau keke na yi ta kai da kawowa cikin layin nan don ta ga ana bi. Sau shida. A na bakwai taya ta taka tattasan Inna, na sha zagi da Barbarci a gaban baƙuwa.

Madam ta tsuguna wajen Bintu suka daɗe suna magana. Da ta miƙe ta ce, "Baba, ashe kai ka faɗa tun farko. Zan rubuta shawarar wurin shanyar da sunanka."

Ta kuwa rubuta. Bayan wata uku aka zo da simintin kashi na biyu, aka zuba shi gaba ɗaya bayan famfo, fili guda na shanya. Mata suka yi guɗa. Hanyar unguwa ta koma fes, kowa na wucewa yana ce mini sannu da hangen nesa.

Yau da safe na hau ta har ƙarshe, inda simintin ya yanke. Na sauka, na kama ƙahon keke, na shiga rairayi.