Gahawar da Abu Ra'id Ya Ƙi Sha

Akwai son tsawon rai da yake wuce hankali, har mutum ya tsare jikinsa ya zubar da mutuncinsa. Shi ne ciwon Sudƙi, wanda muke kira Abu Ra'id, maƙwabcina a ƙauyenmu na gefen Karak.

Likita a Amman ya ga sukarinsa ya ɗan hau, ya ba shi shawara uku: ya rage zaƙi, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya daina sa damuwa a rai. Ya riƙe biyun farko, ta ukun kuwa a asibiti ya baro ta. Ya sayo agogo mai ƙirga bugun zuciya, ya ƙara wa kansa dokokin da likita bai faɗa ba. In an ajiye farantin mansaf, muna dunƙula shinkafa da naman rago, shi yana tsintar ganye yana duban agogo.

"Abu Ra'id, sau nawa ta buga yau?" haka muke tsokanarsa.

"Ku yi ta dariya. Ni zan raka ku maƙabarta ɗaya bayan ɗaya."

Ranar da muka je nema wa ɗansa Ra'id auren Suhaila, 'yar Hajji Miflih, mu dattawa sha biyu ne. Shekara biyu yaran suna son juna. Abu Ra'id ya nace shi zai yi magana, don haka shi aka miƙa wa kofin gahawa. Ya ajiye a gabansa yadda aka saba, ba a sha sai an amsa buƙata. Ya roƙa, Hajji ya yi murmushi.

"Mun ba ku. Sha gahawarka, Abu Ra'id."

Sai mutumin nan ya dubi agogo.

"Hajji, ba na shan gahawa bayan azahar. Tana hana ni barci."

Na zungure shi. "Kai, maƙwabci! Kurɓa ɗaya ce, ba tulu aka ba ka ba."

Ya ce mini, "Zuciyata tana casa'in da takwas, Abu Nayif. So kake in faɗi a nan?"

Hajji ya gyara zama. "Wato gahawar gidana ce za ta kashe ka?"

"Ba taka kaɗai ba, Hajji. Kowace ma guba ce."

Hajji ya ɗauki kofin ya zubar a ƙasa, kowa yana kallo.

"Mai tsoron kofina, 'yata ba za ta zuba masa abinci ba. Allah ya ba ka shekara ɗari da ashirin, ka ci abarka kai kaɗai."

Sau uku muna komawa ban haƙuri, ba a buɗe mana ƙofa ba.

Ga abin da ƙin kurɓa ɗaya ya jawo masa. Suruka ta tafi. Ra'id ya koma garin Aƙaba aiki, ba ya ɗaga wayar ubansa. Dattawa sun daina kiransa zaman shawara. Barcin da ya tsare wa kansa ya ƙaurace masa wata huɗu, sukarin kuma ya hau fiye da ranar da ya fara ganin likita. Agogon dai yana nan, yana aiki lafiya.