Gaɓa Ta Huɗu

Sau shida ke nan tana rina 'yan tayin kifin nan, sau shida suna fitowa fari fat kamar an wanke su da sabulu. Yau ne na bakwai, kuma Farfesa ya riga ya yanke magana: in babu abin nunawa kafin ƙarfe huɗu, za a rufe aikin, a ba wani ɗalibi tankunan.

A ɗakin binciken, Saura-Ƙiris ake kiranta, don shekara uku duk wanda ya tambaye ta digirinta, amsar ke nan. Aikin nata kuwa a baki ba wuya. Ƙwaƙwalwar ƙeya, tun ɗan tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, takan rabu gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da ƙwayar gadon da ke gaya mata abin da za ta zama. Daga gaɓa ta huɗu jijiyar da ke motsa fuska take fitowa. Kifayenta an haife su da wannan ƙwayar gado a lalace. Ita kuma takan yi wa ƙwansu allurar lafiyayyar ƙwayar, ta rina, ta duba ko gaɓar za ta fito da launin shuɗi, alamar ta gyaru.

Ba don digiri kaɗai take wannan wahalar ba. 'Yarta mai shekara bakwai ba ta taɓa yin murmushi ba, fuskar ba ta motsi tun haihuwa. In abin dariya ya kama ta, sai dai kafaɗunta su yi ta rawa. Kullum da yamma tambayarta ɗaya ce: "Umma, kifin ya faɗa miki?"

Ƙarfe biyu ta ɗora faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Fari fat. Ta duba na biyu, ta duba na goma. Wallahi sai da ta ji kamar ta kwashe su ta watsa ta taga. Ta kifa kai a tebur, hawaye suka zubo.

"To, to, kada ki ƙara wa ruwan gishiri, na riga na auna shi."

Baba Mai Kifi ne, tsohon da ya shekara talatin yana wanke tankuna yana ciyar da kifayen ɗakin. Ya ajiye wata 'yar kwalba marar suna a gabanta.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ragowar da kika ce in zubar. Ban zubar ba. 'Yata, ke da me kike sanin lokacin tsayar da girmansu don a rina ya yi?"

"Littafi ya ce awa goma sha biyu."

"Littafi! Kifin ya karanta littafin? Akwatin ɗumin nan da ake renon ƙwan a ciki, ƙofarsa ba ta rufuwa sosai tun bara. Sanyi na shiga, ƙwai sai ya yi ta jan ƙafa. Ke kina kallon agogo, shi ko bai kai ko'ina ba. Ni ƙullin bayansa nake ƙirgawa. Sai da na ga biyar sun fito reras na tsayar da waɗannan, na bi ki a baya ina rina su da ragowar ruwanki."

Ta buɗe baki. "Me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"Na gaya miki a karo na uku. Kika ce mini saura ƙiris."

Kunya ta kama ta, don ta tuna, har inda yake tsaye da guga a hannu ta tuna. Ta zuba 'yan tayin a faranti. Gwaiduwa kawai take gani, duk sun kwanta rigingine.

"Sun juya miki ciki," in ji Baba. Ya tsige gashi ɗaya daga girarsa, ya manna shi a bakin tsinke, ya miƙa mata. "Girar nan rabinta a ɗalibai ta ƙare. Mirgina shi a hankali, ba kifin kasuwa ba ne."

Ta riƙe numfashi, ta taɓa ɗan tayin da gashin. Ya mirgina. Ga shi nan a ƙeya, layi ɗaya shuɗi, siriri, daidai gaɓa ta huɗu. Ta mirgina na biyu, akwai. Cikin ashirin da aka yi wa allura, goma sha huɗu sun fito da shi. Waɗanda ba a yi wa ba kuwa ko alama babu.

Farfesa ya zo, ya daɗe sunkuye a kan madubin. Da ya ɗago sai ya ce tankuna suna nan, amma a sake gwajin sau uku, kuma don Allah a kira mai gyara ya duba ƙofar nan.

Ta san wannan ba magani ba ne, tsakanin kifi da mutum akwai tafiya mai nisa. Amma da yamma ta iske 'yarta a bakin ƙofa, ta durƙusa, ta nuna mata hoton a waya.

"Umma, kifin ya faɗa miki?"

"Ya fara faɗa. Ashe ni ce nake katse shi tun bai buɗe baki ba."

Yarinyar ta karɓi wayar, ta ƙura wa layin shuɗin ido. Fuskarta na nan yadda take, amma kafaɗunta suka soma rawa, har wayar ta kusa suɓucewa daga hannunta.