Amsar Bara

Shekara tara ke nan ma'aikaciyar binciken lafiya tana zuwa gidan mai ɗinki, sau ɗaya a shekara. Ta zauna gefen keken ɗinki, ta yi tambaya da baki, ta rubuta amsa. Mai ɗinki ba ta taɓa shiga aji ba, amma baki kam Allah ya hore mata, har abin da ba a tambaye ta ba sai ta faɗa. Bara ma'aikaciyar kaɗai ta gaya wa zancen ƙullutun da ke nononta na hagu. Ko 'yarta tilo ba ta sani ba.

Bana sai ga ambulan ɗauke da takardar tambayoyin. Wai an daina bi gida-gida, kowa ya cike da kansa ya mayar kafin Juma'a, in ba haka ba a cire sunansa. Kuma masu suna kaɗai asibitin binciken ke dubawa. Wanda ya kawo saƙon ya ce amsoshin bara na ciki, gyara kawai za a yi. 

Ta je ofishinsu, aka ce ma'aikaciyar ta bar aiki. Ta tsaya ƙofar maƙwabciya, ta tuna bakin matar nan ba shi da linzami, ta juyo. Ta kai wa mai shagon magani, yana buɗewa kunya ta rufe ta, ta fizge takardarta. A gida ta zauna ta ƙura mata ido, sai ka ce kallo zai sa ta yi magana. Tsoro take ji ƙwarai.

Ranar Alhamis 'yar ta zo wuni, ga ta da tsohon ciki bayan ɓari biyu. Mai ɗinki ta rasa mafita, ta miƙa mata.

"Karanta min. Inda ba dole ba ki tsallake."

"Umma, jarrabawa za ki zauna da tsufanki?" in ji 'yar tana dariya. Ta shiga karantowa da muryar 'yan rediyo. Mutum nawa ne a gidan? Ruwan famfo ko na rijiya? Tana buɗe shafi na huɗu muryar ta ɗauke.

Mai ɗinki ta kama taka keke, ko zare babu a allurar.

"Umma," in ji 'yar can ƙasa-ƙasa, "suna tambaya wai ko ya ƙara girma."

Mai ɗinki ta tsayar da ƙafarta, ba ta ɗago kai ba.

"Rubuta e."