Bangon Gidan Osla

Gidan da Osla ta gada wurin kakarta yana can shi kaɗai a kan tudu, tsakanin ƙauyenmu Norbister da Skarvoe, a arewacin tsibirin Yell. Da ta bar aikin jinya a birnin Aberdeen ta dawo, sai ta shafe farin bangon da koren fenti.

Mijina Lowrie ya fara dawowa daga teku da kwando fayau. Tun kaka da kakanni, masuntanmu kan tuƙa kwale-kwale har sai farin bangon nan ya daidaita da dogon dutsen da ke tsaye a gaɓar tekun da ake kira Ness, cocin Skarvoe kuma ya leƙo ta bayan tudu. Nan kifin yake. Yanzu bango ya saje da ciyawa.

Na ce, "Ka je ka gaya mata mana."

"Gidanta ne fa, Baabie. In ce mata me?"

"To, ka ci gaba da cin dankali zalla."

Ranar Asabar na tasa shi a gaba, yana riƙe da bokitin farar ƙasa. A ƙofar gidan muka tarar da Ertie na Skarvoe, masuncin da suke tsokanar juna da Lowrie tun suna yara. Shi ma bokiti ne a bayansa.

Lowrie ya ce, "Ashe kai ma yunwa ta koro ka, tsoho?"

"Ni gaisuwa na zo."

Osla ta fito ta tarar da su suna ta kame-kame, ni na yi mata bayani. Ta ce sai ta gani da idonta. Suka shiga da ita teku. Ta ga dutsen, ta ga cocin, ta nemi gidanta ta rasa. Ta yi dariya har da hawaye.

Ta ce, "Kullum kaka takan ce a bar bangon nan fari. Na ɗauka tsufa ne kawai."

Suka shirya a mayar da gefen teku fari, sauran ya zauna kore. Kafin la'asar ƙauyukan biyu sun hallara. Maza na shafe, mu muna dafa miyar naman tunkiya, wani ya ɗauko goge aka yi rawa a tsakar gida.

Ranar Litinin Lowrie ya cika kwando. Ya zaɓi manyan kifayen ya hau tudu da su don ya kai wa Osla, ya tarar Ertie ya riga shi, har an zuba masa shayi.