Sunan Garkuwa a Rigar Ƙwallo

Malaminmu na tarihi ya ba ni aiki a kan ƙungiyoyin Yahudawa masu makamai a Falasɗinu kafin kafa Isra'ila. Ni Muhsinat, da ko tarihin unguwarmu Abbaganaram ban gama sani ba. Na baje a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, zafin azahar na ta lallaɓa ni, ina karatu ina gyangyaɗi.

Babana, Ba'ana, na gefe a kan tabarma, ya yi tagumi. Tun safe Tahir, abokin yayana, ya zo da roƙo: yana son sa wa ƙungiyar ƙwallon unguwa suna Garkuwa, zai dawo bayan la'asar jin amsa. Garkuwa shi ne sunan da yayana Ajimi ya raɗa wa 'yan goran layinmu masu gadin unguwa a shekarun tashin hankali. Tare suka fita wani dare, Tahir ya dawo da ɗingishi. Ajimi bai dawo ba.

Baba ya ce ba zai bayar ba. In an ci su, 'yan kallo za su zagi sunan, shi kuwa ba zai iya ji ba.

Na latsa sunan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin aikina, Hagana, a waya, ma'anarta tsaro. Sai ga sunan a jikin jirgin ruwa, ga shi a tashar jirgin ƙasa. Barci ya ɗan ɗauke ni. Na ga jirgin ƙasa ya ratso ta unguwar Dala a hankali, Ajimi na leƙowa ta taga da gorarsa, yana dariyar nan tasa. Na farka kewa ta cika mini ciki.

Na ba Baba labarin, ban da mafarkin. Na ce wasu na tuna sunan da alfahari, wasu da kuka, fasinjoji kuwa faɗarsa kawai suke yi su wuce. Ya tambaya ko kullum ake faɗa. Na ce kullum.

Ya daɗe yana kallon ganye na kaɗawa.

Da Tahir ya yi sallama, ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, Baba bai bari ya buɗe baki ba.

"Ku ɗauka, Tahir," ya ce. "Shekara goma kowa a gidan nan cikin raɗa yake faɗin sunan. Ku je fili ku faɗe shi da ƙarfi, yadda zan jiyo daga nan."