Ɗakin Zanuba Mai Ƙafa Biyu

A gwanjon barikin soja na Abeshe na fara ganinta, an jingine ta bayan tarin tsofaffin tayoyi. 'Yar tirela ce mai ƙafa biyu, irin wadda motar soja ke ja, fentinta launin yashi, da dogon wuya na ƙarfe mai zobe a ƙarshensa. Ni dama abin da mutane suka yar shi ke kirana. A ɗakina akwai ƙwan jimina, da agogon da ba shi da hannu, da wani dutse mai zanen kifi da na tsinta inda babu ruwa. Amma wannan karon ba sha'awa kaɗai ba ce. Ina kallonta na ga gado.

Matata Zanuba 'yar Fada ce, can arewa cikin duwatsu. Shekara ashirin da biyu rabonta da garin. Tun da ta faɗi a bakin rijiya ƙugunta ya goce, ba ta iya kwana a ƙasa, ba ta iya wuni a zaune. Hanyar Fada kuwa kwana uku ce ga mai lallaɓawa, babu masauki sai inuwar mota. Mahaifiyarta ta bar mata dabino tara a gefen kwari, kuma duk shekara in lokacin yanka ya zo sai ta daina cin na kasuwa.

"In da gado a hanya, da na je," ta ce mini wata rana. Ba roƙo ta yi ba, faɗa kawai ta yi.

Na sa aka jawo tirelar da jaki har ƙofar gida. Ƙaninta Wardugu, direba mai a-kori-kura, ya zagaya ta sau biyu yana riƙe da ciki don dariya.

"Mijin yaya, yaƙin ai ya ƙare tuni. Ko kai kaɗai ba a gaya wa ba?"

"Ɗaki zan yi mata. Kai za ka ja."

"Ni? Motata ba ta auri wannan tsohuwar ba."

Amma da ya leƙa ya ga yayarsa tana kallonmu ta bakin ƙofa, sai ya yi gyaran murya ya tambayi nauyin tirelar.

Jimadum mai walda ne ya yi aikin ƙarfe. Mutumin kudu ne, tsohon soja, ya ce irin waɗannan tirelolin ya ja su har ya gaji. Ya ɗora ƙarafa huɗu a kusurwoyi, ya lanƙwasa wasu a sama kamar haƙarƙari. Ya so ya rufa da kwano, na hana. Na sayo tabarmin kaba na ɗinka a kai ninki uku, yadda matan Fada ke rufe bukkokinsu, don in ta buɗe ido ta ga rufin da ta sani tun tana goye. Taga muka ciro daga wata matacciyar bas. Akwai hudar harsashi guda biyu a gefen hagu, Jimadum zai toshe, na ce ya bar su. Da hantsi rana na shigowa ta cikinsu kamar zare biyu.

A bayan motar Wardugu, Jimadum ya liƙa ƙugiya mai baki kamar na kada, wadda zoben ke shiga a rufe da fil. Ya ƙara sarƙa biyu, ya nuna mana yadda ake gicciye su a ƙarƙashin wuyan, don ko zoben ya fita wuyan ya faɗa kansu, kada ya caki ƙasa. Ya nuna mini birkin hannu a gefe, ya ce duk inda muka tsaya in ja shi, in sa dutse gaba da bayan taya kafin a kwance komai.

"Kuma ba a shiga cikinta tana tafiya, Baba Barkai. Hajiya a gaban mota, sai an tsaya. Saura lodi, bari in nuna maka..."

"Tsaya nan, soja," na ce. "Kai ka san ƙarfe, ni na san kaya. Shekara talatin ina labta wa raƙuma gishiri da dabino, ban taɓa yi wa ko ɗaya gyambo ba."

Ya ɗaga hannu biyu ya koma kan waldarsa.

Na yi lodi kamar yadda ubana ya koya mini. Duk abin da ya hau dama, ɗan'uwansa ya hau hagu. Buhun gero nan, buhun gawayi can. Na auna da hannu, na auna da ido, babu rinjaye ko na kofin shayi. Kuma kowane madugu ya san ba a danne wa dabba wuya, don haka na bar gaba sakayau, gado kaɗai. Duron ruwa da jarkokin mai da akwatin ƙarfen Zanuba duk na jera su a can baya, bakin ƙofa.

Mun tashi bayan sallar asuba. Har Biltin lafiya lau, don hanya ba ta bar mu mu yi gudu ba. Bayan garin ne muka samu shimfiɗaɗɗen wuri mai ɗan gangara, Wardugu ya taka. Da farko na ji kamar ana jan rigata ta baya. Na waiga, sai na ga ɗakin yana kaɗa gindi dama da hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Motar ta fara bin sa. Zanuba tana tsakaninmu a kan matasai, ƙugunta ya bugi giya, ta yi ƙarar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Wardugu bai taka birki ba, Allah ya saka masa, ya ɗage ƙafa kawai ya riƙe sitiyari yana salati har muka tsaya a cikin yashi.

Ya diro daga motar ya nufi tirelar.

"Kwance ta! Wallahi kwance ta! Aljanar soja ka sayo za ta kashe mini 'yar'uwa. A nan za mu bar ta, mu juya gida."

In an bar tirela, babu gado. In babu gado, babu Fada, kuma ni da shi duk mun san ba lallai wata shekarar ta same ta da ƙarfin hawa mota ba. Na ja birki, na sa duwatsu, na kwance sarƙoƙi. Wardugu ya zare fil ya buɗe ƙugiya.

Wuyan ya yi tsalle sama, saura kaɗan ya kwashe masa haɓa. Tirela ta zauna daɓas a kan gindinta, zobe na kallon sama.

"Ka gani? Har cizo take yi!"

Sai muka ji dariya daga cikin mota. Zanuba ce, hawaye na zuba, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallo ta madubi.

"Baban Sugi, jakin Abakar mai itace!" ta ce mini.

Na tuna. A kasuwar Abeshe aka taɓa tula wa amalanken Abakar itace a baya, jaki ya tashi sama yana harbin iska.

"Raƙuminka ƙafa huɗu gare shi," ta ce, "ko'ina ka ɗora akwai mai tarewa. Wannan biyu ce da ita, a tsakiya. Ka auna dama da hagu, wa ya auna maka gaba da baya? Shekara talatin, kai!"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na cire rawani na hau aiki. Muka sauke komai, muka gangara da duron ruwa can gaba, muka bi shi da jarkoki, gado ya dawo kan tayoyi, barguna da tukwane suka koma baya. A nan dai hannuna ya yi amfani, don ɗaurin ayari na yi wa duron, irin wanda ko amale ya yi tutsu ba ya motsi. Da muka zo ɗaga wuyan, sai da mu biyu muka sa ƙarfi.

Wardugu ya daɗe yana kallon zoben.

"Zuwa Arada kawai, a hankali. In ta sake kaɗa gindi ko sau ɗaya, a can za ta tsufa. Kai ma haka."

Ba ta sake ba. Ta bi mu tiryan-tiryan kamar taguwa a akala. Duk inda muka yada zango, Zanuba ta miƙe bayanta a kan katifarta, ni da Wardugu muna dafa shayi a gindin taya yana ba ni labarin yadda zai bayar da labarina.

Rana ta huɗu da hantsi muka shiga Fada. Wardugu ya tura ɗakin da baya har ƙarƙashin dabinon surukata, taga na fuskantar itatuwan. Na ja birki, na sa duwatsu huɗu. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai da na ɗauko igiya na yi wa tayoyin dabaibayi. Masu yankan dabino suka yi ta dariya daga sama, ɗaya ya ce in ba ta ciyawa ma.

Wata tsohuwa, ƙawarta ta ƙuruciya, ta miƙo mata nonon dabino ta taga, ɗanye, rabinsa bai gama nuna ba. Zanuba ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana taunawa. Zaren rana biyun nan suna kan zanenta.

"Na itace na uku daga rijiya ne," ta ce. Ƙawar ta ce shi ne.

Da aka gama yanka, Wardugu ya kawo mota zai haɗa zobe. Zanuba ta ce ya tafi abinsa, ita ta iso. Ya koma shi kaɗai da buhu biyu. Mu kuwa yau shekara shida ke nan. Tayoyin sun sace, an sake tabarmin rufi sau biyu, tattabaru sun yi sheƙa a kan wuyan. Dabaibayin yana nan. Jiya ma ta ce in kwance igiyar mu yi shanya da ita, na ce mata a bari tukuna.