Gonar Malam Ummaru a Jikin Bango

Malam Aƙilu mutumin kirki ne, sai dai yana da son a ce ya iya. Tun da aka turo shi daga Funtua ya koyar da ilmin noma a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Malumfashi, ba abin da ya tsaya masa a rai kamar yara su riƙa kawo masa matsalolin gonakinsu na gaske, ba na cikin littafi ba. Da makarantar ta samu majigi da sola, sai ya buɗe wa 'yan ajinsa shafi guda a intanet, wanda kowa zai shiga ta waya ya saka hoto ko ya yi rubutu, sauran su gani nan take. Wayoyin kuwa na iyaye ne, sai da ya bi gida-gida yana lallashi kafin aka yarda a riƙa ba yaran aro bayan la'asar.

Abin ya karɓu. Wannan ya saka hoton tsutsar da ke cin masara, wancan ya rubuta a ƙasa cewa su toka suke barbaɗa mata, wata ta ce sun gwada, tsutsar ƙara ƙiba ta yi. Malamin har ya fi yaran ɗoki.

Da taron iyaye da malamai ya matso, ya ƙudurta sai ya nuna musu aron wayar bai tafi a banza ba. Yana tsintar hotuna a shafin ya ci karo da wata gonar dawa da wuta-wuta ta mamaye, ciyawar nan mai kyakkyawan fure da ke tsotse saiwa. Dawar duk ta tsumbure ta yi rawaya. Babu rubutu a ƙasan hoton, shi kuma bai tsaya duba wanda ya saka ba. Ya ga dai ya samu misali. Ya jera shi kusa da wata gona kore shar, ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe: Sakamakon sakaci.

Ranar taro aka rufe tagogi, aka haska bango. Iyaye suka sha dariya da maganar tsutsa mai ƙiba, har wani dattijo ya miƙe yana nuna rubutun jikansa. Sai hoton nan ya fito, faɗinsa ya kai tabarma biyu, ɗakin ya yi tsit. Aƙilu ya ɗauka darasin ne ya ratsa su, ya ƙara ɗaga murya a kan illar lalaci.

Aƙilu mutumin birni ne, bai san cewa a ƙauye ana gane gona yadda ake gane fuskar mutum ba. Ɗorawar da reshenta ya karye da surin da ke kusurwa sun isa kowa ya san ta Malam Ummaru ce, mahaifin Adawiyya, ɗaya daga cikin ɗaliban Aƙilu. Kowa kuma ya san daminar nan a asibitin Malumfashi ya yi ta, yana jinyar matarsa. Ga shi nan zaune a layi na biyu. Ba wanda ya waiwaya ya dube shi, kuma bai motsa ba har aka shafa fatiha.

Shugaban makaranta ne ya ja Aƙilu gefe ya faɗa masa. Da Aƙilu ya buɗe shafin, sai ya tarar Adawiyya ce da kanta ta saka hoton.

Ya je gidan Malam Ummaru, ya same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Aka shimfiɗa masa buzu, aka gaisa har da tambayar mai jiki. Sannan Aƙilu ya ba da haƙuri, ya ce bai san gonar waye ba, kuma ya riga ya goge hoton, ya roƙi kada a yi wa yarinyar faɗa.

"Faɗan me, Malam?" in ji dattijon, bai ɗago ba. "Ni na ba ta wayar. Na ce ta ɗauko gonar ta nuna wa malaminsu, tunda an ce ya karanci noma, ko ya san maganin abin nan. Kunya ce ta hana ta rubuta tambayar."

Ya buga ƙotar a ƙasa, ya duba ko ta zauna.

"Ni ba mai zuwa taro ba ne. Na zo ne in ji amsa."

Aƙilu yana da amsar. Ya faɗe ta kuwa: a tumɓuke ciyawar kafin ta zubar da iri, baɗi a shuka waken suya a wurin, a ƙara takin gida. Malam Ummaru ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya rako shi har bakin hanya. Wannan karamcin ya fi zagi yi masa ciwo.

A cikin iyayen ba wanda ya karɓe wayarsa. Yara suka ci gaba da shiga shafin bayan la'asar, hotuna ma har suka fi na da yawa: masara mai goyo biyu, dawa ta sunkuya da nauyi, waken suya an tara shi tuli. Aƙilu kan zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko da ganye guda da tsutsa ta ci. Har aka gama girbi bai samu ba.